Katakon Yaya Kalinga

A Mafinga kowa ya san yadda ake shanya katakon bishiyar mipaina: a jingina shi tsaye a jikin dogon gungume, rana ta yi aikinta. Haka yayana Kalinga ya gada, kuma kafinta Sanga a wurinsa yake saye tun ina goye. Sai ga ƙanenmu Mgimwa ya dawo daga Njombe da sabon salo. Ya kwantar da nasa a inuwa, ya danne da manyan duwatsu. Na Yaya ya bushe ya murɗe kamar kilishi, na Mgimwa ya fito sambal.

Ranar da Sanga ya wuce ƙofar Yaya ya shiga gidan ƙanensa, Yaya bai iya haɗiye ugali, tuwonmu na masara, ba. Kishi ne, tsagwaronsa.

"Yaron da na koya wa riƙon zarto!" in ji shi. "Dutse? To mu ma garinmu akwai dutse."

Sanga ya ce wanda nasa ya fi miƙewa a wurinsa zai sayi katakon rufin sabuwar coci, kuma ya zama mutuminsa. Yaya ya fi son ya mutu da ya yi tambaya. Leƙe ya dinga yi ta ramin shinge, ya ga katako a kwance, ya ga duwatsu, ya ce ya gama karatu. Ya jibge ɗanyen katakonsa ɗaya kan ɗaya, ya ɗora duwatsun da suka ninka na Mgimwa.

Da Mgimwa ya hango, sai ya ba ni damin siraran sanduna.

"Kai wa Yaya. Ki ce ya jera su tsakanin katakon, iska ta samu hanya."

Yaya bai bari na kai ƙarshen saƙon ba.

"Au, har ya fara ba ni sadakar itacen girki? Uwar yara, zo ki hura wuta!"

Da sandunan aka dafa wake a ranar.

Da lokaci ya yi, Sanga ya zo aka sauke duwatsu. Katako ya miƙe, wannan ba ƙarya. Amma da aka ɗaga na sama, wani warin ruma ya buge mu. Funfuna ta cinye shi, ya yi baƙi da shuɗi har ciki, wasu ma sun manne da juna.

Sanga ya murza yatsa a kai, ya share a wando. "Dattijo, wannan ko akurkin kaji aka rufa da shi, sai kajin sun kai ƙara." Ya juya ya nufi gidan Mgimwa.

Yaya ya zauna a kan dutse ɗaya. Raina ya ɓaci, na kuma ji tausayinsa. Can ya kira ni ƙasa-ƙasa.

"Ke da kike shiga can, gaya min gaskiya. Nasa ma akwai ɗan baƙi-baƙi, ko?"

"Ko ɗigo babu, Yaya."