Kyanwar Mai Agogo

"Kwana uku ke nan ko lasa ba ta yi ba, 'yar nan," in ji Mai Agogo daga bakin ƙofar shago.

Tela ba ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba. Riguna shida na jiranta, ga tsohon maƙwabcinta ya zo mata da zancen kyanwa. Kyanwa fa! Wata tsohuwar aba mai ido ɗaya, bakinta ba haƙori, gashi duk ya zube kamar tsohon buroshi.

"Baba, in ta ji yunwa za ta ci."

"Ki dai zo ki duba min ita, don Allah."

Ta ja tsaki a ciki, ta bi shi. Ɗakin na warin kifin gwangwani. Teburin da yake gyaran agogo ya yi ƙura, ƙananan sukurori a warwatse. Kyanwar na kwance a kan matashinsa kamar wata mai gida, ga faranti cike a gabanta.

"Da can yaya take ci?"

"A hannuna. Ina murje mata kifin da yatsu, ta lasa."

"Ikon Allah! To murje mata mana."

Sai a lokacin ta lura tun zuwansa hannunsa na dama yana cikin aljihu. Ta dubi fuskarsa da kyau, ta ga gefen bakinsa ya ɗan zame.

"Baba, fito da hannun nan."

Da hagu ya ciro shi, ya sake shi, ya faɗi a cinyarsa.

"Na gwada da hagu," ya ce. "Ta shinshina ta kau da kai. Shekara goma sha shida ban taɓa miƙa mata abu da hagu ba."

"Kai ne ba ka da lafiya, ba wannan mummunar ba! Bari in kira 'yarka."

Ya riƙe mata gefen zane. "Kar ki kira ta. Kwashe ni za ta yi zuwa benensu, kuma ta riga ta ce kyanwa ba za ta taka mata kafet ba. In na tafi, wa zai murje mata? Sanyi ne ya kama hannun, zai sake."

Tela ta san 'yar. Sau biyu a shekara take zuwa, ta tsaya a tsakar ɗaki da tabarau, tana toshe hanci. Haushinta ne ya sa ta ajiye wayar da ta ciro, ba ta kira ba. Ta tsuguna, ta cusa yatsu cikin kifin tana yamutsa fuska, ta miƙa. Kyanwar ta daɗe tana shinshinawa kafin ta zaro harshe. Tsohon ya yi dariya da rabin baki, hawaye na bin kumatunsa.

"Dubi abin da kake wa kuka," in ji Tela. "Wallahi ko kyauta aka ba ni ba na so."

Haka ta riƙa zuwa safe da yamma, tana zagin kyanwar tana ciyar da ita. Kyanwa ta murmure har tana hawa tebur. Shi kuwa kullum sai ya ce hannun ya fara motsi, ita kuma ta yarda, don yardar ta fi mata sauƙi.

Ran kwana na biyar da hantsi ta same shi a kujerarsa, kai a sunkuye, shayinsa ya huce. Ta kira shi sau uku bai amsa ba.

Kafin azahar motoci sun cika layin. Ɗansa injiniya tun bai gama share ido ba ya fara auna faɗin ɗakin da taku. 'Yar ta yi kukan da har bakin titi ana ji, amma ba ta yarda rigarta ta taɓa kujera ba.

Bayan an dawo daga binne shi, 'yar ta tare Tela a ƙofa, ta cire tabarau. Idanunta sun kumbura da gaske, abin da Tela ba ta zata ba.

"Yaya, ke ce kusa da shi. Likita ya ce da an kawo shi da wuri, da wataƙila... Bai taɓa ce miki wani abu na damunsa ba?"

Tela ta buɗe baki, tana da maganganu cike da ciki da ta tanadar wa matar nan shekara da shekaru. Sai ta tuna wayar da ita kanta ta ajiye. Kunya ce ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

"Kyanwarsa ce dai ba ta cin abinci," ta ce.

'Yar ta gyaɗa kai, ta yi godiya, ta shiga mota.

Tela ta koma shago ta zauna, ba ta taka keken ba. Can sai ga kyanwar ta shigo tana ɗingishi, ta haye kan farin yadin wata mai ɗinki, ta zagaya sau biyu ta kwanta. Tela ta ɗaga hannu za ta kore ta, sai ta mayar da shi kan cinyarta.