Ƙarshen Layi a Bankin Ruse

Zdravka Peneva ta kutsa cikin cunkoson ƙofar bankin, takardun hannun jarinta a jakar cefane. Shekara talatin ta yi tana tuƙa bas a birnin Ruse, kuɗin sallamarta kaf ta zuba a nan. Jiya hukuma ta sauke shugabannin bankin, ta naɗa masu riƙon ƙwarya.

A bakin matakala tsohon abokin aikinta, wanda ake kira Bai Lyuben, ya tare ta. Ya nuna mata wani mai baƙar kwat da ya kafa teburi yana sayen takardun mutane.

"Sayar ki huta, Zdravka. Stotinki biyar yake biya a kan kowace leva, wato kashi biyar cikin ɗari na kuɗinki. Ni na sallama. Banki ya mutu."

"Ka je jana'izarsa ne?" ta ce, ta wuce.

Awa biyu ta yi a tsaye kafin ta kai gaban wata ma'aikaciya mai suna Nevena.

"'Yata, faɗa min a fili. Ya mutu ko bai mutu ba?"

"Bai mutu ba, Inna. Wata shida zai yi a hannun masu riƙo. Jarinki naki ne har yanzu, sai dai ba riba, kuma ba ki da ta cewa. In ya farfaɗo, ƙila ki tsira da wani abu."

"In bai farfaɗo ba fa?"

"Kotu ta ce ya karye, a sayar da komai. A biya masu ajiya, a biya masu bin bashi. Ku ne ƙarshen layi." Nevena ta kau da ido. "Ba a cika kaiwa kanku ba."

Zdravka ta dafa kantar ma'aikaciyar, ta matso kusa da ita.

"Su masu riƙon, wa ke sa musu ido?"

Nevena ta rage murya. "Ke kaɗai ba za su kula ki ba. In kuna da yawa, da lauya, za su amsa."

Da ta fito, mai kwat ya ɗaga mata yatsu shida, alamar ya ƙara farashi. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta yago takarda, ta ɗaga murya.

"Duk wanda bai sayar ba, ya zo ya rubuta suna da lambar waya!"

Mutane suka juyo suna kallonta. Can wata tsohuwa ta fice daga layin mai kwat, ta tako a hankali.

"Ni fa?" in ji Bai Lyuben.

"Kai ka riga ka huta. Juyo bayanka mu rubuta a kai, ba mu da teburi."