Ƙanwar Waliyyi

"Riƙe tiren da kyau, Hirut, ba littafi ba ne," in ji mahaifiyata, ta tura ni cikin ɗakin. Kofunan gahawa ne a kai, cike fal. Ni dai ko gaisuwa ce a gaban manya, sai na yi bitarta a zuci kafin ta fito.

Maƙwabcinmu Aleka Wubishet yana kwance, an ja masa farin mayafi har wuya. Shi ne mawaƙin cocinmu tun kafin a haifi mahaifiyata. Ranar idi yakan miƙe ya ƙaga baiti nan take, ya rera sau ɗaya, ba ya maimaitawa. Yanzu kuwa numfashi ma da ƙyar. A gefen gadon ga ɗansa Sileshi, wanda ya iso daga Addis Ababa da takalmi mai sheƙi, ga kuma wani tsohon sufi, irin masu bautar nan na coci da ba sa aure, da ya tsallako daga tsibirin da ke tsakiyar tafkinmu, bakin rigarsa jiƙe da ruwan tafki.

"Shugabanmu ya ce in gaya maka an ware maka wurin kabari," in ji sufin. "Kusa da kakanninka."

Babu wanda bai san zancen kakannin nan ba a unguwarmu. Aleka jinin Waliyyin Tsibiri ne, wanda ya kafa gidan sufayen ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kuma daga zuriyarsu aka yi ta samun shugabannin gidan. Ko cinikin kifi yake yi sai ya sako su. Sai dai mace ba ta taka tsibirin, da rai ko a mace, har kaza ma ba a kaiwa. Matarsa Tiruwark kuwa tana kwance a maƙabartar cocinmu, nan bakin gaɓa.

"Baba, ka ji ko?" Sileshi ya sunkuya. "Abin da kake faɗa mana tun muna yara. Har mai jirgi mai inji na yi magana da shi."

Aleka ya juyo da kai. Ni ya kalla.

"'Yar littafi, ajiye tiren nan kafin ki yi mana wanka. Zo ki jero musu salsalata, ni numfashi ya yi mini rowa."

Ta kan shinge ya koya mini ita, lokacin da nake ɓuya a bayan gida ina karatu. Na tsaya, na fara daga Waliyyi na gangaro: Abba wane shugaban sufaye, Abba wane da ya gaje shi. Ina tsakiya sai wata tambaya da ta daɗe tana cina ta kuɓuce mini.

"Baba Aleka, ai duk sufaye ne, ba su yi aure ba. To kai ta ina ka fito?"

"Hirut," in ji mahaifiyata daga bakin ƙofa, da muryar da na sani. Sileshi ya ɗaure fuska. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai tsohon ya kama dariya, har ta zama tari, aka ɗaga shi aka ba shi ruwa.

"Na jero sunayen nan a gaban malamai masu gemu har ƙirji, ba wanda ya tambaya," ya ce. "Waliyyi yana da ƙanwa. Ita ke niƙa hatsi ta toya gurasarmu injera, ta kai bakin ruwa ta ajiye a kan dutse, kwale-kwale ya zo ya ɗauka. Har ta mutu ba ta ga ɗakin yayanta ba. Ɗanta ɗaya ta miƙa wa kwale-kwalen, ɗaya ta riƙe. Haka aka yi ta yi. Ni daga waɗanda aka riƙe na fito."

"Yaya sunanta?" na ce a hankali.

"Wa ya riƙe? Sunan masu tsallakawa ake riƙewa."

Ya huta, sannan ya juya wajen sufin. "Abba, ka ce wa shugaba na gode. Sun isa a can, ba za su yi kewata ba. A bar ni a gaɓa, kusa da Tiruwark. Shekara da shekaru tana jin surutuna, shirun nan zai yi mata yawa."

"Baba, na riga na gaya wa kowa," in ji Sileshi. "Me zan ce musu?"

"Ka ce tsohon ya ji tsoron ruwa."

Sileshi ya daɗe yana kallon takalminsa. Sufin ya kurɓi gahawarsa da ta huce.

"Dutsen yana nan," ya ce. "A jikinsa na ɗaure kwale-kwalena."

Aleka ya cika da hantsi ranar Alhamis, mahaifiyata tana shafa masa man shanu a tafin ƙafa. Mai jirgi ya zo ya tsaya a ƙofar gida. Na ga Sileshi ya fita, sun yi magana, mutumin ya kaɗa kai ya tafi. Da Sileshi ya dawo sai ya cire takalman, ya karɓi shebur daga hannun masu haƙa kabari, ya nufi inda mahaifiyarsa take.

Washegari da sassafe mahaifiyata ta naɗe injera a tsumma mai tsabta ta ce in biyo ta. Muka gangara bakin tafki. Dutsen baƙi ne, samansa ya yi sumul, ya ɗan lotsa a tsakiya. Ta miƙo mini ƙunshin, ni na ajiye, da ɗuminsa.

Can nesa, daga wajen tsibiri, kwale-kwale ɗaya yana tahowa a hankali.