Farin Yadin Hajiya Rakiya

Hajiya Rakiya ta kife akwatin ƙarfen a kan tabarma, ta shiga watsa kaya gefe da gefe kamar kaza mai tono. Ga atamfofinta, ga kwalbar turare, ga tsofaffin awarwaro da ta daina sawa. Likkafanin ne babu.

Ko mayafi ba ta cire ba tun da ta sauko daga motar Maiyama, inda ta je ta'aziyyar wata ƙawarta ta ƙuruciya. Halinta ne, duk ran da ta dawo daga gidan rasuwa sai ta buɗe akwatin nan ta shafa farin yadin, ta shinshina shi, ta mayar, sannan ta nemi ruwan sha. Ba kuwa irin yadin da ake aunawa a kasuwar Jega ba ne. A Makka suka saye shi ita da marigayi Alhaji Yari, suka jiƙa shi da ruwan zamzam, suka shanya a saman masaukinsu. Rabi ya bi Alhaji kabari. Rabin da ya saura nata ne, a cikinsa take so a naɗe ta, kuma ba ta da wani buri a duniya da ya wuce wannan.

"Mardiyya!"

Ƙarar janareta ta cika gidan, sai da ta sake ƙwala kira surukar tata ta zo da sauri ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, sannu da hanya. Ba mu ji shigowarki ba."

"Riƙe sannunki. Wa yash shiga ɗakin ga?"

Mardiyya ta dubi kayan da ke warwatse, ta sunkuyar da kai. "Baban Bushra na, Inna. Yac ce aro za shi yi. Wallahi ban ga abin da yaɗ ɗauka ba sai da ya riga ya kahwa shi ga bango. Bakina ya mutu."

"Ga bango?"

Mardiyya ta gyaɗa kai. Hajiya ta miƙe, gwiwoyin da ke ba ta wahala ko da yaushe yau ba su ce mata komai ba.

Baban Bushra shi ne Sirajo, ɗanta ɗaya namiji, dillalin albasa da ke loda manyan motoci daga nan Aliero zuwa Legas. Tun da aka yanke Kebbi daga Sakkwato bara, kasuwa ta buɗe masa, kansa kuma ya cika da dabaru. Na baya-bayan nan shi ne majigi. A shagon Gado mai gyaran rediyo a Jega ya ga tsohon injin da faya-fayansa, ya ɗauko shi a bayan mota kamar amarya. Ya ce tun da matan gidansa ba sa zuwa silima, silima za ta zo ta same su. Ya kwashe tsohon ɗakin ajiyar albasa da ke ƙuryar gida, ya sa aka daɓe ƙasa, ya toshe tagogi da buhuna don a samu duhu ko da rana tsaka. Hajiya ba ta hana ba. A ranta ma daɗi ta ji, domin wannan shiririta ce kaɗai ta taɓa zaunar mata da ɗa a gida har mako ya zagayo.

Ta ratsa tsakar gida, ta tsallake wayar da ta taso daga janareta, ta ɗaga buhun da aka rataya a ƙofa. Warin albasa da na zafin inji suka tare ta. Ɗakin cike yake da mata da yara, har da na maƙwabta, kowa ya miƙe wuya. Haske ya fito daga injin ya ratsa kawunansu ya sauka a bango, a can kuwa waɗansu 'yan matan Indiya ne ke ta juyi da rawa, cibiya a waje.

Ba rawar ta gani ba. Gefen yadin ta gani, gefen nan da ya karkace, wanda ita da hannunta ta yaga ranar da Alhaji ya cika, don almakashi ya ɓace a cikin ruɗani. An miƙe shi tsaf, an bi shi da ƙusoshi sama da ƙasa, manya irin na kafa ƙyaure.

"Ga Inna! Ga Inna!" in ji Bushra, jikarta, tana tafi.

Sirajo ya leƙo daga bayan injin, fuska duk gumi da fara'a. "Inna, kin dawo daidai! Ga kujera can na aje miki gaba. Yanzu anka soma."

"Kashe abin ga."

"Inna, bari waƙar ga ta—"

"Sirajo, na ce ka kashe!"

Ya danna wani abu, faifan ya tsaya, muryoyin suka ɗauke. Fitilar kaɗai ta rage tana haska yadin fari fat. Matan maƙwabta, da yake sun san muryar Hajiya, suka fara jan 'ya'yansu suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya, ba ko sallama.

"Ina kas samu wancan?" Ta nuna bango da haɓa.

"Cikin akwatinki na. Bangon ƙasa cinye hoto shikai, zanen gadon Mardiyya kuwa duk hure na gare shi. Na ga yadi kwance ba a komi da shi." Ya yi 'yar dariya. "In don ƙusa ta, kak ki damu. Ran kasuwar Jega in auno miki wanda yaf hi shi, ko bandir kika so."

Wannan maganar ce ta ƙarasa ta. Da ya yi shiru ma da sauƙi. Ta riƙe bakin ƙofa. Ta haifi yaron nan, ta goye shi, ta aurar da shi, ga shi da furfura ta fara leƙowa a gemu, amma bai san ƙyallen da uwarsa za ta kwanta a ciki ba.

"Jega," ta ce. "Jega aka samun zamzam? Jega aka samun abin da hannun ubanka yat taɓa? Likkahwanina na, Sirajo. Likkahwanina kab buga ma ƙusa, kas sa karuwai suna rawa bisa, kag gayyato unguwa kallo."

Fara'ar ta zube daga fuskarsa. Ya dubi yadin, ya dube ta, ya dubi Mardiyya da ta rakuɓe a jikin ƙofa tana hawaye.

"Inna lillahi. Inna, wallahi ban sani ba."

"Ƙaƙa za ka sani? Ran da anka raba shi biyu kana ina? Kana bisa buhun albasa hanyar Legas. Maƙwabta sunka wanke ubanka, maƙwabta sunka naɗe shi, maƙwabta sunka ɗauka. Kai sai ga addu'ar ukku kat taho, da tsarabar burodi."

Ba ta taɓa faɗa masa wannan ba. Shekara da shekaru tana cewa mutane ai hanya ce, ai neman halali ne, ai ba shi ya sa ranar ba. Yau da ta faɗa sai ta ji ashe fushin yana nan ɗanye, ko kaɗan bai huce ba.

Sirajo ya duƙa ya lalubo guduma a ƙarƙashin tebur, ya jawo kujerar da ya ajiye mata, ya ɗora ƙafa zai hau.

"Sauka."

"Inna, bari in cire shi yanzu. Ni da kaina za ni wanke shi, in nemo zamzam wurin alhazai, in—"

"Na ce sauka. Aje gudumar ga."

Ya sauka. Ta matso har cikin hasken, inuwarta ta hau yadin, ƙatuwa, ta rufe rabinsa. Ta sa yatsa ta taɓa ƙusa ɗaya, ta ji yadda ta shige har wuya. Da ta juyo muryarta ta sauka, ba ta ɗaga ta kuma ba.

"Nan za shi zauna inda kak kahwa shi. Mardiyya, ke shaida ta. Bushra, ke ma kin jiya. Ban yahe ma duk wanda yat taɓa shi ba, ban kuma yarda a naɗe ni cikin wani ba. Ran da anka bukace shi, wanda yab buga ƙusoshin shi za ya hau ya cire su da hannunai."

"Inna, in ya kasance ina kan hanya hwa?"

"Sai a jira ka."

Mardiyya ta toshe baki. A garin nan ba a jiran kowa da gawa, ko ɗan sarki ne, kuma su duka sun san haka.

Hajiya ta gyara mayafinta ta ɗaga buhun ƙofa. A zaure direban Sirajo ya fara sallama, yana cewa an gama lodi, motar Legas shi kaɗai take jira. Sirajo bai fita ba. Yana tsaye da guduma a hannu, fitilar injin na ci, yana kallon farin yadin.

"Bushra," Hajiya ta kira daga tsakar gida, "kawo min ruwa in sha."