Sunan da Rifkatu Ta Amsa

Rifkatu tana riƙe da ludayin kunu a bakinsa sa'ad da Baba Ɗangiwa ya buɗe ido, ya dube ta kamar mai hangen mutum daga ƙetaren gulbi, ya ce, "Atu, ke ta? Kin koro awakin?"

Ta waiga, ba kowa a ɗakin sai ita. Hantsi ya ratso asabari ya kwanta zara-zara a kan zanen da aka lulluɓe shi da shi. Kafin ta yi shawara da zuciyarta sai ta ji bakinta ya riga ta. "Ni ta. Na koro su."

Ya yi murmushi, ya sha ludayi huɗu, shi da ya kwana biyu yana kau da kai.

Ran nan Talata ce, ranar da jinyarsa ta faɗo kanta. Tun da ciwon ƙirji ya kwantar da shi a farkon kaka, zumuntar matasa ta majami'arsu ta raba aikin. Samari suka yanke masa gero suka ɗaure, 'yan mata suna karɓa-karɓa wajen ɗebo ruwa da dama kunu da wanki. Majami'ar ɗakin jinka ce a bayan garin Tambuwal, kusa da sansanin leburorin hanya, ko an cika ranar Lahadi ba a kai mutum arba'in ba. Kusan duka baƙi ne da aiki ya kawo, daga Zuru, daga Jos, har da mahaifin Rifkatu, heluma, wato shugaban leburori. Ɗangiwa kaɗai ne ɗan ƙasa. Mutumin Fakku ne ta wajen Kebbe. Kuturta ta kama shi yana magidanci, aka kai shi asibitin kutare na mishan, ya yi shekara tara, ya fito da takardar warkewa da dungulmin yatsu da addinin da ba na gidansu ba. Bai koma gida ba. Ko hana shi aka yi, ko shi ya ji nauyi, ba wanda ya taɓa ji daga bakinsa. Ya kafa bukka a jikin dannin kara da ya kewaye gidan su Rifkatu, shi ke share majami'a, shi ke buga ƙarfen mota da aka rataye a darbejiya in lokacin sujada ya yi.

Daga ranar nan ba ya cin komai sai daga hannun Atu, ƙanwarsa da ya baro a Fakku, wadda yake gani a fuskar Rifkatu. Saboda haka Rifkatu ta riƙa zuwa ko ba ranarta ba, sauran 'yan matan su dama, ita ta ba shi. Tana zama a bakin gadon kara, shi kuwa ya ɗauke ta ya kai ta wani gari da ba ta taɓa takawa ba. Akwai tsamiya a gefen rijiya, akwai wani jaki mai tsagaggen kunne, akwai fadama inda farin balbela ke sauka har ƙasa ta ɓace. Wani lokaci in ta fito sai ta tsaya a rana tana ƙifta ido, ta rasa wane garin ne na gaske. Ko ranar da aka yi bikin samun mulkin kai, aka ɗaga sabuwar tuta a ofishin En'e, 'yan makaranta suna maci, kiɗan da iska ta kawo masa sai ya ɗauka biki ake a Fakku. Ya ce ta je ta yi kallo, amma kada ta bari magariba ta same ta a waje.

Wata Laraba da rana ya kama hannunta da tafukansa biyu, yadda yake kama tsintsiya.

"Ranar da an ka aza ni bisa jaki za a kai ni asibiti," ya ce a hankali, "na ji ki. Kina biye da ƙwaryar fura kina kirana, har bakin fadama. Ban waiga ba, Atu. In na waiga ba ni iya tahiya. Ki gafarce ni."

Rifkatu ta ce ta yafe. Amma maganar ta tsaya mata a ƙirji kamar an ba ta ajiyar kayan da ba nata ba. Da yamma bayan taron addu'a ta tsaya har mutane suka ragu, ta gaya wa mai bishara, Malam Iliya, duk abin da ke faruwa, ta tambaye shi ko ƙarya take yi. Ya daɗe yana juya littafin waƙoƙi a hannunsa. Ya ce shi bai ga ƙarya a cikin ciyar da mara lafiya ba, sai dai gafarar nan tana da mai ita, in tana raye. A nan matasa suka zauna a kan bencina suka yi shawara. Istifanus kafinta, shugabansu, ya ce shi zai je Fakku ya nemi Atu.

Ya tafi a kan keke, ya dawo bayan kwana uku da ƙaya a taya da ƙunar rana a wuya. Ya same ta, tana nan da aurenta da 'ya'ya shida. Ya faɗa mata halin da yayanta ke ciki ta bayan zana, a gaban mijinta. Daka take yi, ta ci gaba da dakanta. Mijin ya ba shi ruwa, ya ce Allah ya sawwaƙe. Iyakar abin da ya samo ke nan.

Ranar kasuwa Rifkatu tana shanya zanen gado a kan danni sai ta ga wata mace tsaye a bakin hanya da ƙulli a ka, ƙurar mota har gira. Doguwa ce, siririya, aikin gona da haihuwa sun tsufar da ita kafin lokacinta. Ba ta tambayi gida ba. Ta tsaya tana kallon ɗakin jinkan da gicciyen itace a samansa, kamar tana auna ko ƙafarta za ta yarda. Rifkatu ta durƙusa ta gaishe ta, ta karɓi ƙullin, ta yi gaba.

A bakin bukkar matar ta cire takalmi, ta yi sallama da murya ƙasa-ƙasa, ta shiga. Ɗangiwa ya juyo. Ya dube ta tun daga ɗaurin kallabi har hannuwa, fuskarsa ta saki kamar ta yaron da ya farka ya ga an dawo daga unguwa.

"Inna," ya ce. "Kin zaka?"

Matar ta dafa bango. Rifkatu ta buɗe baki za ta gyara, sai ta ji an riƙe mata yatsu, an matsa.

"Na zaka," in ji matar.

"Ga Atu nan. Ita ka kula da ni. Kin ga yadda ta girma?"

Atu ta juya ta dubi yarinyar da ke amsa sunanta, 'yar shekara sha bakwai da ɗan sarƙar gicciye a wuya. Ta daɗe tana dubanta. "Na gan ta," ta ce. "Allah shi yi mata albarka." Sannan ta zauna a bakin gadon, ta ɗauki hannunsa da ba yatsu, ta juya shi, ta shafa, ta ajiye a cinyarta.

Da barci ya ɗauke shi suka fito inuwa. Atu ta ce innarsu ta rasu tun yana asibiti, ba a aika masa ba. Ita ma sai yau ta san ta yi kama da ita haka. Rifkatu ta sunkuyar da kai ta ce, "Goggo, akwai saƙonki a wurina." Ta mayar mata da maganar jakin da ƙwaryar fura da bakin fadama, ba ta rage ko kalma ba.

Atu ta dubi karan gero da iska ke kaɗawa.

"Shekara ashirin da uku," ta ce. "Ni ko na ɗauka bai ji ni ba."

Kwana biyu suka yi jinyarsa tare, ɗaya Inna, ɗaya Atu. Ranar Lahadi matasa suka taho bayan sujada suka tsaya a ƙofar bukkar suna rera masa waƙa a hankali, Atu tana yi masa fifita, ba ta ɗago ba, ba ta kuma hana ba. Litinin bayan azahar ya ce a ɗaga asabari yana son ganin fadama. Aka ɗaga, ba komai a waje sai gona da hanyar mota. Ya ce balbelu sun sauka. Kansa yana cinyar ƙanwarsa ya cika.

Samari suka haƙa kabari a gefen gonarsa, Istifanus ya haɗa akwati da katakon benci biyu. Atu ba ta bi gawa ba, ta ce a garinsu mata ba sa zuwa.

Da Rifkatu ta dawo daga wajen binnewa rana ta yi sanyi. Ta tarar an share bukkar, an yayyafa ruwa a ƙofa. Atu ta idar da la'asar tana zaune a kan tabarma, buta a gefenta, farar rigarsa ta zuwa sujada a shimfiɗe a gwiwarta. Aljihun ya ɓalle ta gefe ɗaya. Ta ɗaga allura wajen haske, ta lashi bakin zaren, tana neman kafar.