Giɓin Shingen Labbo

"Baba Labbo, karnukan sun koma," in ji Badi'a daga bakin ƙofar ɗakinsa. "Maigida ya ga sawunsu dab da kabarin Hanifa."

Tsohon na kwance, ko moɗar ruwa ba ya iya ɗagawa. Maƙwabcinta ne a Dogarawa, kuma shi ya kewaye maƙabarta da murtsunguwa, mai ganyen nan faffaɗa kamar tafin hannu, ba wanda ya sa shi. Saura giɓi ɗaya ciwo ya kayar da shi, ga shi kuwa wurin aka binne jaririyarta. Mace ba ta zuwa maƙabarta, sai dai a ba ta labari, labarin kuma ya hana ta cin abinci.

"Ganyen na nan ƙarƙashin rumbu," ya ce.

"In ba maigida shi dasa?"

"Kul! Ɗanyen yanka ruɓewa shikai cikin ƙasa. Bari bakin shi bushe. Ni za ni ruhe wurin, ɗiyata."

Ta ce to, amma ranta ya ɓaci. Mutumin da sai an juya shi a kan tabarma! Duk sanda ta kawo masa kunu sai ta leƙa ƙarƙashin rumbun, ta ga ganyen jere a inuwa, bakin yankan yana ƙanƙancewa.

Ran Laraba da hantsi Labbo ya cika. Matarsa Ladi ta ce tunda ya kwanta bai taka ko tsakar gida ba.

Bayan jana'iza mijin Badi'a, Junaidu, ya dawo ya zauna bai cire takalmi ba.

"An ruhe giɓin," ya ce.

"Wa ya ruhe?"

"Duk wanda na tambaya sai shi ce ba shi ba ne. Ƙasar ma da danshinta." Ya murza tafin hannunsa. "Liman da ya yi ma Baba Labbo wanka ya ce hannuwan cike suke da ƙananan ƙaya. Sababbi, Badi'a."

Sai hawaye suka zubo mata, ita kanta ba ta san na tsoro ne ko na godiya ba.

Ta yafa mayafi ta shiga gidan makoki. Mata na ta salati a rumfa, ita kuwa ta zarce wurin rumbun ta sunkuya. Babu ganye ko ɗaya, sai shatinsu a kan rairayi, jere yadda ya ajiye su. Wata kaza na tono a gefe.