Kwamfutocin da Malam Dalhatu Ya Kulle a Sito

Kai, abin da ya samu Malam Dalhatu bana! Mutumin Wurma ne, kullum yana tahowa ta Kurfi kan babur, ya koyar da kasuwanci a wata kwaleji a Dutsin-Ma. Sai aka sauya manhaja, aka ce duk ɗalibin kasuwanci sai ya iya kwamfuta. Aka kawo kwamfutoci sabbi fil cikin kwali, aka damƙa masa kwas ɗin da makullin sito. Aka ce masa baƙi za su zo dubawa, in ba su ga aiki ba, a bakin aikinsa.

Shi kuwa Malam, sabon abu ba ya taɓuwa. Ko ledar kujerar babur ɗinsa bai taɓa cirewa ba. Ya jera kwalayen a ƙasa, ya rufa musu tabarma, ya garƙame sito. A allo yake zana kwamfuta da alli, ɗalibai na ta danna benci.

"Malam, yaushe za mu taɓa ta gaske?" in ji Nana Hadiza, mai zuwa aji da goyo.

"Da wannan hannun naki mai man ƙuli? Ku kashe mani kaya?"

Ranar da baƙi suka zo, Malam ya sha babbar riga, ya buɗe sito da kansa, yana jiran a yaba masa adana. Ya ɗaga kwalin farko, gindin ya zube. Gara! Ashe ruwan damina ya bi ta ƙarƙashin ƙofa. Gara ta yi gini har cikin inji, a kwali na biyu kuma ɓera ta haihu.

Ɗalibai suka tuntsire. Nana Hadiza har da guɗa.

"Malam, ashe wasu ɗaliban ka ajiye a ciki! Sun riga mu taɓawa!"

Babban baƙon bai yi dariya ba. Ya sa aka jona guda ɗaya da ta tsira.

"To Malam, kunna mana."

Malam ya shafa gabanta, ya shafa bayanta, ya leƙa ƙarƙashi. Gumi har haɓa. Wallahi bai san inda ake kunnawa ba.

Kafin la'asar an karɓe makullin, an ba Zaharaddin, tsohon ɗalibinsa, Malam kuma aka sallame shi. Babur ma ya ƙi tashi, yana tura shi ɗalibai na bin sa: "Malam Gara, a gaida Wurma!"

Sunan har ya kai kasuwar Kurfi. Yanzu ko cefane aike yake yi.